Ko ka sani? Yashi ya fi ƙarfen inji tauri

Ko ka san ƙwayar yashi ta fi galibin ƙarfen da ke cikin inji tauri? A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa daga 1 zuwa 10, farin dutsen da yawancin yashi ke fitowa daga gare shi yana kan 7. Ƙarfen wuƙa yana tsakanin 5 da 6, tsantsar alminiyom da ake haɗa fistin da shi kuwa ko 3 bai kai ba. Idan yashi da ƙarfe suka gogu, ƙarfe ne zai ji jiki. Shi ya sa nake ganin a gari irin Mirriya, inda hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Gure ta ratsa, inda motocin kasuwar Lahadi da baburan kabu-kabu ke tayar da ƙura wuni guda, wankin kayan inji kafin a haɗa shi rabin gyara ne. Amma shi ne aikin da aka fi barwa ƙaramin yaron gareji.

Tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a ciki akwai rata ta kamar milimita 0.02 zuwa 0.05, alhali kaurin gashin kai ya kai wajen 0.07. Cikin wannan 'yar rata baƙin mai ke shiga ya ɗauke ƙarfe daga kan ƙarfe, kuma idan inji ya ɗauki nauyi, man da ya rage a tsakani ya fi haka siranta nesa ba kusa ba. Ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta cike wurin. Ko ta nutse cikin laushin metal ta kafe, ta riƙa kartar karanshaf sau dubbai a minti ɗaya, ko ta bi mai tana yawo. Mai da tsakuwa idan suka gauraya sun zama irin man nan da bakanike ke goge bawul da shi da gangan, sai dai wannan karon zobe da silinda yake ci. Bayan 'yan watanni hayaƙi ya fara fita shuɗi, mai ya riƙa raguwa, mai inji ya ce kayan da aka sa masa jabu ne. Sau da yawa kayan ba su da laifi, a kan tsumman buhu aka shimfiɗa su a ƙasa, iskar hunturu na kaɗawa.

Za a ce ai akwai matatar mai, za ta tace. Matatar mota takan kama abin da ya kai wajen milimita 0.02 zuwa 0.03, ƙananan su wuce abinsu. Sannan dattin da aka bari cikin ramukan mai na karanshaf yana gaba da matata ne, don haka metal zai fara tararwa tun a tashin farko. Ƙananan babura da yawa 'yar raga ce da su da wata matata mai juyi. Injin ban-ruwa irin Honda GX160 da takwarorinsa na Sin, waɗanda masu lambu ke jan ruwa da su zuwa rake da kayan miya, ba su da matatar mai sam. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin ke watsa man, wanda bai fi lita 0.6 ba, kuma duk abin da ya shiga ciki yana nan har ranar juye.

Wani kuma zai ce ai ana wankewa, ga tasar fetur nan a kowane gareji. Gaskiya ne fetur da kananzir suna narkar da maiƙo, amma ba sa ɗaga tsakuwa daga ƙarfe. Silindar da aka rarake aka goge da dutse tana fitowa da siraran zane a jikinta, waɗanda aka yi don su riƙe mai, kuma cikinsu garin dutsen gugar ke maƙalewa. Fetur ya bushe ya bar shi a wurin. Abin da ke fitar da shi ruwan zafi ne da sabulu da buroshi, a cuɗa har sai an shafa farin ƙyalle mai ɗan mai a ciki ya fito fari tas. Masu tsoron tsatsa suna da hujja, don ƙarfen silinda kan fara ja cikin mintuna, sai dai maganinsa a busar nan take a shafe da baƙin mai sabo. Ita kuwa tasar da aka wanke kayan inji uku a cikinta, dattin na farko take rabawa sauran.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ƙura: a ƙasar da hazon hunturu ke tasowa tun daga kwarin Bodele na Chadi ya rufe rana, wa zai iya hana ta shiga? Ba mai iyawa gaba ɗaya. Amma ƙurar da ke bin iska yayin da inji ke aiki tana cin karo da matatar iska, ƙurar da aka rufe a cikin inji ranar haɗi kuwa ta riga ta tsallake kowane shinge. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowane gareji ba: tebur ko faifan kwano a ɗaga kaya daga ƙasa, leda a rufe abin da aka wanke, a yayyafa ruwa a filin, a zura siririn buroshi cikin kowane ramin mai a hura shi da iska, a haɗa da sassafe kafin iska ta taso. Ɗan kabu-kabu da ke tsaye a kan bakanike yana ƙirga fasinjan da suka wuce shi yana da uzuri, domin abincin gidansa ne ke kwance a warwatse. Awa guda ce wankin zai ƙara masa, sake buɗe inji kuwa sabon zobe ne da gaskit da kuɗin aiki da wani wunin babu ko dala.