Me Za Ka Yi Da Karatunka?

Ɗan'uwa, yau ka iya rubuta sunanka. Ka iya karanta wasiƙa. Ka iya lissafin kuɗin cinikinka. Madalla. To, saura tambaya ɗaya: me za ka yi da wannan karatu?

Waɗansu a nan Karakkai suna cewa, "In ba za a ɗauke ni aikin gwamnati ba, ina amfanin karatu?" Sai su daina zuwa aji. Wannan kuskure ne. Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, aka buɗe ofisoshi da yawa. Amma ofisoshin Gusau ba za su iya ɗaukar mutanen Bungudu da na Tsafe duka ba. Karatu kamar fartanya ne. Gonar da ka kai shi, nan zai yi maka aiki. Saboda haka sai ka zaɓi gonar da kyau.

Kafin ka zaɓi sana'a, yi wa kanka tambaya uku.

Ta farko: me hannunka ya iya, ranka kuma yake so? Lura da kanka. Wani in ya ga babur ya lalace, ba ya samun sukuni sai ya gano ciwon. Wata in ta ga ɗinki sau ɗaya, ta riƙe shi ke nan. Wani kuma ya iya ba da labari. Dubi Abubakar Imam. Malamin makaranta ne a Katsina. A 1933 aka sa gasar rubuta littafi da Hausa, ya gwada, ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Da bai gwada ba, da ba a san baiwarsa ba.

Ta biyu: me garinku yake nema? Duba abin da ke sa mutane su biya kuɗin mota zuwa Gusau. Wani ya tafi gyaran waya. Wani ya tafi neman mai gyaran famfon burtsatse. Wata ta kai ɗinkin salla. Duk abin da ake fita nema, sana'a ce take jiran mai yi a gida.

Ta uku: wannan aiki zai cuci wani? Ba kowane kuɗi ne alheri ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa. Ashe akwai gubar dalma a cikin duwatsun. Ƙurar ta shiga jikin yara. Yara fiye da 400 suka mutu. Iyayen ba su yi nufin sharri ba, abinci suke nema. Rashin sani ne ya jawo. Kafin ka kama aiki, ka tambayi waɗanda suka sani.

In noma ka zaɓa, kada ka ce ka yi asarar karatu. Manomi mai karatu yana duba buhun taki da kansa. Ya san kamfa, ya san yuriya. Ya ga an rubuta kilo 50, ya sa a auna. Yana karanta ranar da maganin feshi zai lalace. Yana rubuta abin da ya kashe da abin da ya girbe. A ƙarshen shekara ya san ko gero ne ya fi masa riba, ko dawa, ko waken suya. Tela mai karatu ya san yadi ɗaya inci 36 ne, yana rubuta awon kowa a littafi. Mai shago yana rubuta bashi, ba a yi masa gardama.

'Yar'uwa, ke ma da ke ake. Mai ƙuli-ƙuli da mai saƙa da ungozoma duk suna bukatar lissafi. Uwa mai karatu tana karanta katin asibitin ɗanta, ba ta manta ranar rigakafi.

Wanda kuma yake son ya ci gaba, hanya a buɗe take. Akwai kwalejin horon malamai a Maru. Akwai makarantar koyon fasaha a Ƙaura Namoda. An kafa Jami'ar Tarayya a Gusau a 2013. In kai ba ka kai can ba, ɗanka ko 'yarka za su kai, muddin ka sa su makaranta. Gemu ba ya hana ilimi.

Ga aikin wannan mako. Ɗauki fensir. Rubuta sana'a uku da kake so. Je wurin mai yin kowace ɗaya, ka gaishe shi, ka tambaye shi abu uku: shekara nawa ya yi yana koyo, nawa ne kuɗin kayan aiki, mene ne wahalar aikin. Rubuta amsarsa. Ran aji ka kawo wa malam, a karanta tare.