Hanji da Hawan Jinin Mai Ciki

Idan ciki ya wuce mako 20, malamar awo ta auna jini ta ga 140 bisa 90, gwajin fitsari kuma ya nuna furotin, dole hankalinta ya tashi, domin ta nan ake gangarawa zuwa jijjiga. An daɗe da sanin cewa tushen matsalar yana wajen mabiyiya, wadda jijiyoyinta ba su kafu sosai a jikin mahaifa ba. Yanzu kuma masu bincike sun fara zargin hanji.

Babban hanji cike yake da bakteriya, kuma ba zaman banza suke yi ba. Su ke cinye abin da cikinmu ya kasa narkarwa daga wake da dusar gero da ganye, su fitar da sinadarai irin su butiret. Waɗannan suna rage kumburi, suna taimaka wa jijiyoyin jini su saki, suna kuma ƙarfafa bangon hanji kada guba ta tsallaka cikin jini.

A 2016, masu bincike a Ostareliya sun duba mata masu ƙiba da cikinsu ya kai mako 16. Waɗanda hanjinsu ya fi wadatar bakteriya masu samar da butiret, jininsu ya fi sauka. A 2020 wasu a ƙasar Sin suka ƙara taku: suka ɗebi bakteriya daga bayan gidan mata masu wannan ciwo, suka zuba a hanjin ɓeraye. Jinin ɓerayen ya hau, kuma da suka ɗauki ciki, furotin ya fito a fitsarinsu.

Amma fa ɓera ba mace ba ce, kuma a nan ne masu tallar magani suke yin gaggawa. Gaskiya ne wani nazari a Norwe a 2011 ya ga ciwon bai cika kama masu shan madara mai ɗauke da bakteriya masu amfani ba. Sai dai da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka ba masu ciki irin waɗannan bakteriya a 2021, akasin haka ta gani: ciwon ya fi yawa ga waɗanda suka sha.

A ganina, wake da zogale da tuwon gero ba su da laifi, amma ba sa maye gurbin awo. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi wajen rigakafi shi ne kalsiyam ga masu ƙarancinsa, da ɗan ƙaramin asfirin da likita zai rubuta wa masu haɗarin kamuwa. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi ko kumburin fuska kuwa, a garzaya asibiti a ranar.