Daga Dayton Zuwa Dover: Shekara 80 Ana Canza Wa Tuwo Suna

A ƙasar Amurka akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato ta abin da za a gaya wa yaro a makarantar gwamnati game da asalin halittu. Shin a koya masa nazariyyar Charles Darwin ta sauyawar halittu, wadda ya bayyana a littafinsa na 1859, ko a koya masa abin da littafin addini ya faɗa, ko kuwa a haɗa masa duka biyu a aji ɗaya? Ni dai ba masanin bayoloji ba ne, harshe na karanta. Sai dai duk wanda ya bi tarihin rikicin zai ga cewa kusan rabinsa faɗa ne a kan kalmomi, shi ya sa na ga ina da abin cewa.

Maganar ta fito fili ne a 1925, lokacin da Jihar Tennessee ta yi dokar da ta haramta wa malaman makarantun gwamnati koyar da cewa ɗan Adam ya samo asali daga wata dabba. A watan Yulin shekarar aka gurfanar da wani matashin malami mai suna John Scopes a garin Dayton bisa zargin karya dokar. William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka har sau uku, ya tsaya a ɓangaren masu ƙara, shi kuma shahararren lauya Clarence Darrow ya tsaya wa malamin. An sami Scopes da laifi, aka ci shi tarar dala 100. A 1927 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin saboda alƙali ne ya yanke tarar maimakon masu taya shi shari'a, amma ta bar dokar a tsaye. Sai a 1967 aka shafe ta.

Domin mai karatu ya gane abin da ya biyo baya, ya kamata ya san cewa gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana hukuma kafa addini ko fifita wani addini. Da wannan ma'auni Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan doka ta Jihar Arkansas a 1968, bayan wata malamar bayoloji, Susan Epperson, ta ƙalubalance ta. Kotun ta ce an yi dokar ne domin kare fahimtar wani addini, kuma wannan ba hurumin gwamnati ba ne.

Da hanin ya faɗi, sai masu adawa da Darwin suka sauya dabara. Tunda kotu ba za ta bari a shigar da addini ajin kimiyya ba, sai suka raɗa wa labarin halitta na Baibul sabon suna, suka kira shi kimiyyar halittar Ubangiji, suka nemi a ba shi lokaci daidai da na Darwin. Jihar Louisiana ta yi doka a kan haka a 1981. A 1987 Kotun Ƙoli ta rushe ta da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta ce sunan ne kawai sabo, manufar ta addini ce.

Daga nan aka sake wani sunan, wato tsarin mai hikima. Ma'anarsa ita ce halittu sun cika sarƙaƙiya, don haka tilas akwai wani mai hikima da ya tsara su, amma ba a ambaci ko wane ne ba. A 2004 hukumar makarantun wani ɗan ƙaramin gari, Dover, a Jihar Pennsylvania, ta ba da umarnin a karanta wa ɗaliban aji tara wata sanarwa da ke nuna akwai giɓi a nazariyyar Darwin, tana kuma tura su ga wani littafi na 1989 mai koyar da tsarin mai hikima. Malaman kimiyyar makarantar suka ƙi karantawa, iyaye 11 suka kai ƙara.

Abin da ya faru a wannan shari'a ya isa darasi ga kowane ɗalibin harshe. An kawo wa kotu tsofaffin daftarorin littafin, wata malamar falsafa, Barbara Forrest, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi daftarorin farko suna cike da kalmar halitta da masu imani da halitta, amma bayan hukuncin 1987 an bi an cire su an sa tsari da masu ra'ayin tsari, alhali jimlolin na nan yadda suke. A wani wuri ma gaggawa ta sa an cusa sabuwar kalmar a tsakiyar tsohuwar, haruffan farko da na ƙarshe suka rage suna ba da shaida. A ranar 20 ga Disamba, 2005, Alƙali John Jones, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa, ya yanke hukunci mai shafi 139 cewa tsarin mai hikima ra'ayin addini ne, ba shi da gurbi a ajin kimiyya. Kafin nan, a watan Nuwamba, masu zaɓe sun riga sun kayar da mambobin hukumar takwas. Daga baya kuma gundumar ta biya kuɗin shari'a sama da dala miliyan ɗaya.

Akwai kalma ta biyu da aka yi ta wasa da ita, wato "theory". A bakin mutumin titi a Amurka tana nufin zato ko hasashe. A bakin masanin kimiyya kuwa tana nufin cikakken bayani da ya haɗa hujjoji masu yawa, aka gwada shi ta fuskoki daban-daban bai rushe ba, kamar bayanin da ya ce ƙwayoyin cuta ke haddasa cututtuka. A 2002 gundumar Cobb ta Jihar Georgia ta liƙa wa littattafan bayoloji takarda mai cewa batun Darwin nazariyya ce kawai, ba tabbas ba. Wanda ya rubuta ta ya san ɗalibi zai ɗauki ma'anar titi. An yi shari'a, aka cire takardun, aka rufe maganar da sulhu a 2006.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne 'ya'yanmu ma suna karanta wannan babi a manhajar bayoloji ta babbar sakandare, kuma ana tambayarsu a jarrabawa. Sai dai matsayinmu ya bambanta da na Amurka. Tsarin mulkinmu na 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma a sashe na 10, amma bai kori addini daga makaranta ba. Sashe na 38 ya hana ne a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Saboda haka muna da darasin addinin Musulunci da na Kirista a fili, kowanne da sunansa da malaminsa. Abin da wasu Amurkawa suka shekara 80 suna neman shigarwa ta taga, mu ƙofa a buɗe take gare shi. Ba mu da dalilin sa wa aƙida rigar aro.

Matsalarmu a fassara take. Idan malami ya taƙaita babin da cewa Bature ya ce mutum daga biri ya fito, ya gaya wa ɗalibi abin da nazariyyar ba ta faɗa ba. Abin da ta ce shi ne mutum da manyan birai na yau sun haɗa asali mai nisa. Mu a fannin harshe mun saba da irin wannan bambanci. Hausa da Bolanci da Ngas duk 'yan gidan harsunan Cadi ne, kuma ba wanda zai ce Hausa daga Bolanci ta fito; 'yan uwa ne da suka rabu daga tushe guda, kowa ya kama hanyarsa. Darwin kansa ya yi wannan kwatance tsakanin harsuna da halittu a littafinsa na 1871. Kwatance dai ba hujja ba ne, ban kuma kawo shi domin wani ya sauya imaninsa ba. Na kawo shi ne domin duk mai son ya ƙi magana ko ya karɓe ta, wajibi ne ya fara jin ta yadda mai ita ya faɗe ta.

Akwai kuma abin da za mu yi asara idan muka tsallake babin. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin maganin kulorokwin ne saboda waɗanda suka jure masa su suka rayu suka hayayyafa, har Nijeriya ta koma ga magungunan haɗi na atemisinin a wajajen 2005. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Darwin ya bayyana, yana aiki a jinin 'ya'yanmu. Likita ko masanin noma da bai fahimce shi ba, aikinsa da saura. Ƙasar Turkiyya ta cire babin daga manhajar sakandare a 2017, ni kuwa ba na yi mana fatan bin sahunta.

Na san inda takalmin ke matsa mu. Musulmi ya yi imani da halittar Annabi Adamu, Alaihis Salam, Kirista ma haka, kuma malaman addinan biyu sun daɗe suna tattauna iyakar abin da za a iya karɓa daga wannan nazariyya. Wannan tattaunawa ce mai daraja, wurinta kuma darasin addini ne, a gaban malamin da ya san nassi. Shi kuma malamin bayoloji ya faɗi abin da masana suka gano da hujjojinsu, ba ragi ba ƙari, kada ya yi wa imanin yara ba'a, kada kuma ya mai da allonsa mumbari. Kimiyya ba ta da ma'aunin da za ta tabbatar da samuwar Allah ko ta kore ta, malamin da ya ce tana da shi ya wuce gona da iri.

Shawarata ga masu tsara manhaja da kwalejojin horar da malamai ita ce su zauna da masana harshe da na bayoloji da na addini, a samar da kalmomin Hausa tsayayyu na wannan babi, domin a ajinmu da Hausa ake ƙarasa bayanin da Turanci ya gaza. A bambance wa ɗalibi tsakanin zato da nazariyya, da tsakanin haɗa asali da fitowa daga wani. Yaron da aka ɓoye wa magana zai ci karo da ita a intanet ba tare da jagora ba, a ranar kuma zai fara zargin duk wanda ya ɓoye masa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana imaninmu.