Sakin Ƙirji da Haƙarƙari Domin Sauƙin Numfashi

Da yawanmu a Tasawa da Mayahi muna kukan numfashi ya yi mana nauyi, musamman a tsayuwar dare, sai mu ɗora laifin ga tsufa. Wani lokaci kuwa ƙirji ne ya sandare.

Mutum yana da haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe. Guda 7 na sama guringuntsi ne ya haɗa su da ƙashin ƙirji, 3 na biye suna rataye a guringuntsin na samansu, 2 na ƙarshe kuwa a sake suke ta gaba. Huhu ba ya buɗe kansa. Sai haƙarƙari sun ɗaga, shimfiɗaɗɗen naman da ya raba ƙirji da ciki ya sauka, sannan iska ta samu wurin shiga. Baligi yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti guda.

To, mu dubi yadda muke wuni. Manomi a duƙe yake cikin gero da wake duk damina, mace tana daka tana jan guga, tela da ɗan kabu-kabu kafaɗunsu sun ranƙwafa gaba. Jikin da ya daɗe a haka, namansa na gaba yakan takure, ga shi guringuntsi yana ƙara tauri da shekaru. Sai numfashi ya tsaya a wuya. Mu kuma mu ƙara masa kaya da buɗa-baki, domin cikin da aka cika da fura da tuwo yana tokare naman nan, ya hana shi sauka.

Gyaran ba ya cin ko dala. Mu zauna a kan tabarma, baya a miƙe, tafin hannu a gefen haƙarƙari. Mu shaƙi iska ta hanci sannu a hankali har mu ji sun ture hannun, mu sake ta ba gaggawa, kamar sau 10. Daga nan mu ɗaga hannu ɗaya mu karkata gefe, mu canza, sannan mu juya kafaɗu dama da hagu, ƙugu na nan inda yake. Da hantsi ya fi, ko bayan abinci ya faɗa. Inda aka ji zafi, a dakata.

Amma tarin da ya wuce mako 2, ko kaki da jini, ko ciwon ƙirji mai sauka a hannu tare da zufa, waɗannan ba na miƙa ba ne. A kai mai su asibiti a ranar, ko da yana azumi.