Wa Ke Auna Mai Awo? Zancen Gwajin Jini a Asibiti

Kowane manomi ya san zancen mudu. Idan gindin mudu ya lotsa, mai awo zai yi shekara yana awo bai sani ba, gama mudunsa ɗaya ne kullum. Sai ran da aka gwada shi da mudun wani, sa'an nan kuskure zai fito. Haka yake a ɗakin gwajin jini na asibiti.

Likita ba ya ganin cikin jini da idonsa. Abin da mai gwaji ya rubuta masa, da shi yake aiki. Alal misali, idan awon jinin mace mai ciki ya kasa 11, tana da ƙarancin jini. Idan ya kasa 7, abin ya yi tsanani. To, in na'ura tana ƙara lamba, za a sallami matar da take bukatar taimako. In tana ragewa kuwa, za a sa 'yan'uwa neman jinin da ba a bukata.

Akwai kuma gwajin daskarewar jini, watau a ga ko jini yana yin guda a kan lokaci. Akan yi shi kafin fiɗa, da kuma ga masu shan maganin tsinka jini. Ruwan maganin da ake wannan gwaji da shi ba ya son zafi. Idan wuta ta ɗauke, firji ya tsaya, yana iya lalacewa ba wanda ya lura.

Ga yadda ake binciken. Wata cibiya ta waje takan raba jini iri ɗaya cikin ƙananan kwalabe, ta aika wa asibitoci da yawa. Na gwajin daskarewa akan busar da ruwan jinin ya zama gari, domin kada ya ɓaci a hanya. Kowane asibiti ya gwada nasa kamar na majiyyaci, ba tare da sanin amsa ba, ya mayar. Cibiyar ta jera amsoshin. Wanda tasa ta yi nisa da ta sauran, sai a sanar da shi a asirce, ya nemi dalili. Ba don a kunyata kowa ake yi ba.

Wannan dabara ta daɗe. A 1947 likitoci biyu a Amurka, Belk da Sunderman, suka ba da rahoton yadda suka aika wa ɗakunan gwaji abu iri ɗaya, amsoshi suka dawo dabam dabam ƙwarai. Ingila ta kafa nata tsari na ƙasa a 1969. A Nijeriya, dokar 2003 ta kafa majalisar da ke lura da ɗakunan gwaji.

Mu manoma, abin ya shafe mu ta wajen saran kububuwa, wadda ake ce wa gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Akan zuba jinin wanda ta sara kaɗan cikin sabuwar kwalba busasshiya, a bar shi minti 20. In bai yi guda ba, dafi ya shiga, sai a ba da allurar maganin dafi. Amma mazubin roba, ko kwalbar da aka wanke da sabulu, yana iya hana jini mai lafiya daskarewa. Saboda haka idan akwai shakka, akan gwada jinin mai lafiya cikin irin kwalbar nan a kwatanta.

Me za mu yi? Waɗanda suke cikin kwamitin asibiti ko ɗakin shan magani, ku tambaya: “Ana aiko mana jinin bincike daga waje? Sau nawa a shekara? Yaya sakamakonmu na baya?” Ku sa kuɗinsa cikin kasafi tare da na man janareto. Idan kuma malamin gwaji ya ce zai sāke ɗibar jininka, kada ka yi fushi. Gara a auna sau biyu da a ba ka maganin cutar da ba ka da ita.