Ƙwan zabi a ƙarƙashin kaza: yadda za a tsira da ƴan tsaki a damina

Da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara tsirowa, zabi kan shiga yin ƙwai. Daga watan Yuni zuwa Satumba kasuwanni irin na Tasawa, Matamai, Magarya, Madawa da Ƙonni ba sa rabo da ƙwaryar ƙwan zabi. Wasu su saya su dafa, wasu su kai gida su sa wa kaza ta kwanta. A gidajen da nake zagayawa wajen aikin rigakafi, kuka ɗaya nake ji kowace shekara: an sa ƙwai 20, kaɗan suka ƙyanƙyashe, waɗanda suka fito kuma ba su kai wata guda ba. Akan ce ɗan zabo ba ya da rai. Abin da na gani a wannan aiki shi ne, yawancin asarar daga wuri uku take fitowa: ƙwan da aka zaɓa, wurin da kaza ta kwanta, da makonnin farko bayan ƙyanƙyasa. Dukansu kuwa a hannun mai gida da uwargida suke.

Abin ba ƙarami ba ne. Zabon da aka ƙyanƙyashe a farkon damina yana isa sayarwa a lokacin sanyi, sa'ad da kuɗin kaka suka fara ƙarewa. Mata da yawa da kuɗin kaji da zabi suke sayen akuya ta farko, da su ake biyan magani da kayan makarantar yara ba tare da an taɓa garke ba.

Zaɓen ƙwai da ajiyarsu

Ƙwan kasuwa caca ne. Ba a san ranar da aka yi shi ba, ba a san kwana nawa ya yi a rana ba, ga jijjigar amalanke ko babur. In da hali, a nemi ƙwai wurin maƙwabcin da aka san yana da isassun maza a cikin zabinsa. Zabi sun fi son tafiya namiji da mace, ba kamar zakara ba da shi kaɗai yake isar kaji wajen goma. Inda mata suka yi yawa maza kaɗan, ƙwai da dama za su fito ba ɗa a ciki. Haka ma ƙwan farkon damina, sau da yawa ba ya ƙyanƙyasa sosai kamar na tsakiyarta.

Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce mako guda da yi, in ya daɗe ƙwarai kwana 10. A bar mai tsaga, da mai kashi a jiki, da wanda ya cika ƙanƙanta ko siffarsa ta karkace. Kada a wanke shi da ruwa, domin akwai wata ƴar kariya a bayan ɓawon da take hana ƙwayoyin cuta shiga, wanki yana cire ta. A jera ƙwan a cikin ƙwarya ko kasko mai yashi, tsinin yana ƙasa, a ajiye a wuri mafi sanyi na ɗaki, kusa da randa. Dalili shi ne zafi yana tayar da ɗan da ke ciki tun kafin kaza ta hau. A ɗakin kwano da rana ta dafa, ɗan zai fara girma ya tsaya, ya mutu, mai shi bai sani ba. Ina ba da shawara a rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙwai da fensir ko gawayi.

Kazar da za ta kwanta

Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kuma in ta ƙyanƙyashe sai ta ja ƴaƴan cikin raɓa, shi ya sa iyayenmu suka ɗora wa kaza wannan aiki. A zaɓi kaza mai jiki wadda ta taɓa reno aka ga kulawarta. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabi kwana 26 zuwa 28, na agwagwar gida kusan 35. Ke nan kazar da aka ba ƙwan zabi za ta yi ƙarin mako guda a zaune. A ajiye mata ruwa da hatsi kusa, kada ta yi nisa wajen kiwo ƙwan ya huce.

Kazarmu ta gida ƙarama ce. Ƙwan zabi 12 zuwa 15 sun ishe ta. Abin dubawa shi ne, in ta kwanta kada a hango ƙwai ko ɗaya a waje. In aka cika mata, kullum tana juya su, yau wannan ne a gefe, gobe wancan, a ƙarshe duk su sha sanyi. Wata dabara mai amfani: bayan mako guda da sa ƙwan zabi, a ƙara ƙwan kaza biyu ko uku. Za su fito lokaci ɗaya, ƴan tsakin kaza kuma su koya wa na zabi cin abinci da bin uwa.

Kafin a sa ƙwai, a share akurki, a toshe tsagar bango da laka. A cikin tsagar nan kaskar kaji take ɓuya da rana, ta fito da dare tana shan jini. Na sha ganin kaza ta gudu ta bar ƙwai saura kwana kaɗan, aka zarge ta, alhali ƙuma da kaska ne suka kore ta. A shimfiɗa yashi da toka a ƙasan gurbin, a sa busasshiyar ciyawa a kai, a kuma ɗaga wurin yadda ruwan sama ba zai kwanta ba.

A kwana na 10 a haska ƙwan da dare da tocila ko fitilar salula. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri, sai a naɗe kwali kamar bututu a ɗora ƙwan a bakinsa. Mai rai za a ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa fes babu komai a ciki, wanda kuma aka ga zoben jini ɗan ya mutu. A cire su, domin ruɓaɓɓen ƙwai in ya fashe yana ɓata sauran. Mai kaji biyu da suka kwanta rana ɗaya yana iya haɗa masu kyau wa guda, ya saki ɗayar ta huta.

Ƙungiyoyin da suka samu injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana, ƙa'idar ba ta sake ba: zafi ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 38, tiren ruwa kada ya bushe, a riƙa juya ƙwai kullum, a daina juyi kwana uku kafin fitowa. Inji ba ya reno, don haka a tanadi wurin ɗumi tun kafin ranar.

Makonni shida na farko

Nan ne aka fi asara. Ɗan zabo ba ya jure sanyi da jiƙa. Raɓar safe kaɗai ta isa ta kashe shi. A tsare uwa da ƴaƴan a cikin akurki ko babban kwando har rana ta ɗaga ciyawa ta bushe, a mayar da su da zarar hadari ya haɗu. Tsarewar tana kuma raba su da shirwa, da muzuru, da tunku. Kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa, amma ita kaɗai ba ta iya kare goma sha biyar a fili.

Ruwan sha a zuba a kasko marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada su faɗa su nutse, a sauya shi kullum. Abinci kuwa tsakin gero ko dawa kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa da garin ƙuli-ƙuli, da dafaffen ƙwai a kwanakin farko, da gara. Samun gara ba wuya: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma, da safe a zazzage musu. Mai garka ya ƙara da yankakken ganyen zogale ko ragowar salati. Ita ma garkar tana da rabonta: kashin da aka share daga akurki taki ne mai ƙarfi, sai dai a tara shi a rami da ciyawa ya ruɓe tukuna, ɗanye yana ƙona shuka.

Tsutsar ciki tana cin ƴan zabi a damina. Akwai ƙwayoyin VSP da aka yi domin zabi, da VPV na kaji. A tambayi ma'aikacin kiwo ko mataimakinsa na gari yawan da ya dace da shekarun tsuntsu, kada a ƙiyasta da ido, kada kuma a ba su kafso na mutane da ake sayarwa a tebur.

Rigakafi kafin sanyi

Wanda ya raini zabi da kaji duk damina, annobar Niyukasil tana iya share masa gida cikin ƴan kwanaki, musamman lokacin hunturu. Alamunta: zawo kore, sauke fuka-fuki, wahalar numfashi, murɗewar wuya. Ba ta da magani, sai rigakafi, ko allurar Ita-New ko wanda ake ɗigawa a ido. Lafiyayyu ake yi wa, kuma ana sabuntawa. Uwar da aka yi wa tana ba ƴaƴanta kariya ta cikin ƙwai na makonnin farko. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida guda, shi ya sa ya kamata ƙungiya ta tsayar da rana ɗaya ga unguwa duka, bayan girbi kafin sanyi ya kama. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

In kuwa aka ga kaji da zabi da agwagi suna faɗuwa tare farat ɗaya, a sanar da ma'aikatar kiwo ta komin nan take. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya a 2006, kuma tana kama mutum. Kada a yanka, kada a kai kasuwa, a binne mushen a rami mai zurfi, a hana yara taɓawa.