Fankar Zuƙe Iska: Kula Da Ita Da Lokacin Sauya Ta

Idan aka ambaci fanka, abin da yake fara zuwa zuciyar mai karatu shi ne fankar silin ko ta tsaye, wadda take kaɗa iska a jiki. Akwai kuma wata ƙaramar fanka da ake kafawa a bangon kicin ko banɗaki, wadda ba ta sanyaya kowa. Aikinta shi ne zuƙe iskar da ta gurɓata da tururi da hayaƙi da wari, ta fitar da ita waje. Da zarar ta fitar, sai sabuwar iska ta shigo ta taga ko ta ƙarƙashin ƙofa ta maye gurbinta. Fankar silin ba ta yin wannan, juya iskar da ke ɗakin kawai take yi. Haka ma yawancin na'urorin sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a bango: iskar ɗakin suke sanyayawa su mayar, ba sa kawo sabuwa.

Me ya sa ake bukatarta?

A ƙasashen Turai, bayan tsadar man fetur ta 1973, an shiga toshe duk wata kafa a jikin gidaje domin kada ɗumi ya tsere. Ɗumin ya zauna, amma danshi ma ya zauna tare da shi. Wannan ya ƙara wa na'urorin sauya iska muhimmanci. A Faransa, dokar 1982 ta wajabta iska ta riƙa sauyawa a sababbin gidaje ba tsayawa. A gidaje da yawa can, injin guda ake ajiyewa a saman silin, bututu su haɗa shi da kicin da banɗaki. Wani nau'in ma yana karɓe ɗumin iskar da ke fita ya ba wa mai shigowa.

Abin da sakaci yake jawowa ya fito fili a garin Rochdale na Ingila. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu, kuma binciken kotu na 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar da ta daɗe a gidansu ce ta lalata masa numfashi, kuma iska ba ta sauyawa a gidan yadda ya kamata. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a 2025, tana tilasta wa masu gidajen haya na jama'a su gyara danshi da fumfuna cikin ƙayyadadden lokaci.

Mu a nan ba sanyi ne ya sa muke rufe gida ba, sauro ne da ɓarayi da ƙarar janareta. Sakamakon kuwa kusan ɗaya ne. Wanda ya taɓa zama a ɗakin haya mai banɗaki a ciki a Legas ko Fatakwal ko Ibadan da damina ya san baƙin tabon da ke fitowa a kusurwar bango, da warin da ke kama tufafi da takalma. Wannan tabo fumfuna ce, kuma tana tayar wa mai asma ciwonsa.

Yadda ake kula da ita

Abu na farko shi ne a gane ko tana aiki, domin juyawa daban, zuƙa daban. A kunna ta, a kara takarda marar nauyi a fuskarta. Idan ta riƙe takardar, tana zuƙa. Idan takardar ta faɗi, to wuta kawai take sha.

Babban abokin gabarta shi ne datti. Ta banɗaki tana tara ƙura da yanar gizo-gizo, musamman bayan hunturu. Ta kicin ta fi shan wahala, saboda tururin manja da man gyaɗa yana manne wa fukafukanta, ƙura ta hau kai, su zama danƙo. Nauyin nan yana rage mata gudu, ya sa ta girgiza, boris ɗinta ya cinye da wuri. Kowane wata uku ya kamata a kashe wuta daga babban makunni (ba na bango kaɗai ba, domin a ƙasar nan wutar da ta tafi ba ta sallama kafin ta dawo), a cire murfin a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a goge fukafukan da tsumma. Kada ruwa ya taɓa injin, kuma sai komai ya bushe kafin a mayar.

Sannan a zagaya waje a duba bakin da iskar ke fita. Yawancinsu suna da ɗan marfi da iska ke turawa ya buɗe, ya rufe idan an kashe. In ya maƙale a rufe, iska ba ta fita. In ya maƙale a buɗe, ƙadangare da sauro sun sami hanya. Inda na'urar take da matata, kamar irin ta Turai da aka ambata ko ta saman murhun gas, ana wanke ta ko a canza ta bisa umarnin kamfanin da ya ƙera.

Akwai kuma abin da mutane suka fi mantawa: iskar da aka fitar dole wata ta maye ta. Idan ƙofar banɗaki ta manne da ƙasa, fankar za ta yi ta kuka a banza. Tazarar milimita 10 a ƙarƙashin ƙofa ta wadatar.

Lokacin sauyawa

Idan an wanke ta amma ƙara ba ta daina ba, ko sai an tura ta da tsinke kafin ta tashi, ko ana jin ƙaurin waya, lokaci ya yi da za a kira mai gyaran wuta. Wani lokaci kafasita ce kawai ta mutu, canza ta ba shi da tsada. Amma in injin ne ya ƙone, a ganina sayen sabuwa ya fi sake naɗin waya, saboda wadda aka sake naɗawa ba kasafai take daɗewa ba.

Kafin a je kasuwa a auna ramin bango. Na banɗaki galibi inci 4 ne ko 6, na kicin kan fi haka. A kuma karanta ƙarfin zuƙarta a jikin kwali. Ƙa'idar gini ta Ingila ta nemi lita 15 a daƙiƙa ga banɗaki, ga kicin kuma lita 30 idan tana saman murhu, ko 60 idan tana nesa da shi. Lita 15 a daƙiƙa daidai take da mita kubik 54 a awa. Banɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, tsayin mita 3, yana ɗauke da mita kubik 12 na iska, wato irin wannan fanka za ta sauya iskarsa sau huɗu da rabi a awa guda. Ta banɗaki kuma ta kasance wadda aka ƙera don wurin da ruwa ke fantsama.

Kuskuren da ya fi yawa wajen kafawa shi ne a bar ta tana huro iskar cikin silin. Danshin bai bar gidan ba ke nan, an ɓoye shi ne inda zai ruɓar da katako. Bututun ya fita waje, ya zama gajere, ba lanƙwasa da yawa, kuma kada bakinsa ya kalli inda ake ajiye janareta. A nan a yi hattara sosai: fankar da ke fitar da iska tana iya jawo hayaƙin janaretan da ke kusa da taga zuwa cikin ɗaki. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da launi ba ta da wari, kuma ba wata fankar bango da za ta sa kunna janareta ko kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ya zama ba haɗari.